Wane allon gefe zan ce ƙanena ya sayo min daga Amurka?

Baban Ummi Kubwa:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa, ƙanena da yake Mishigan zai taso ƙarshen wata ya ce in faɗa masa abin da nake so na kayan su tun bai rufe jaka ba. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai tun bara shi ne allon nan da ake maƙalawa a zaren fatsa idan ana jan kifin roba a bayan jirgi, wanda yake ɗauke zaren ya kai shi can gefe, su suna ce masa filena bod. Na kalli bidiyo ba adadi a YouTube amma kaina sai ƙara ɗaurewa yake, wani ɗan ƙarami kamar tafin hannu, wani kamar allon almajiri, wani kuma tagwaye ne manya har da dogon ƙarfe a tsakiyar jirgi. Jirgina na faiba ne ƙafa 16 da injin Yamaha 15, a Sabuwar Busa kusa da tafkin Kainji nake ajiye shi wajen aminina, mu biyu ko uku muke fita, giwan ruwa da tsage muke nema. Wanne zan ce ya sayo kuma guda nawa? Kilo 23 ce jakar kuma fiye da rabi tsarabar Hajiyarmu ce.

Ɗan Bukuru:
Wslm Yaya. Nima bari in gyara zama don gsky ban taɓa ganinsa ido da ido ba. To wai meye amfaninsa, ba sai ka saki zare a bayan jirgi kaja kawai ba?

Injiniya Gwarinpa:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi ka kyauta da ka tambaya kafin a sayo, don in aka kawo wanda bai dace da jirginka ba sai dai ya ƙare a sito. Ɗan Bukuru bari in fara da kai. Ka taɓa lura da mai kwalekwale idan ya tsoma filafili a karkace ya riƙe, yadda jirgin yake bin gefe? To aikin allon ke nan. Gabansa a fiƙe yake ta ɓari ɗaya kamar bakin cizal, ƙasansa akwai dalma da take riƙe shi a tsaye, da jirgi ya fara tafiya ruwa zai riƙa dukan bakin nan yana tura allon waje shi kuma yana tafiya da zarenka, sai ka ga kifin robarka yana bin ruwan da jirgi bai taka ba mita 20 ko 30 daga inda inji yake ƙara. Kifin da inji ya firgita ai gefe yake kaucewa, to can zai tarar da kotonka. Sannan in kuna da sanda huɗu ba za su dinga sarƙewa ba, biyu suna gefe biyu suna baya.

Ni OR12 na Off Shore Tackle nake aiki da shi, rawayan nan mai jar tuta, tsawonsa bai wuce inci 10 ba. Kamfanin ma a Mishigan ɗin yake, haka ma Church Tackle masu allon TX-22, ƙaninka a gindin abin yake zaune. Ka ce ya sayo OR12 biyu, na hagu ɗaya na dama ɗaya, ka jaddada masa wannan sosai don ba a musanya su, na hagu in ka sa shi a dama ƙarƙashin jirginka zai nufo.

Kawu Ɗan Yawuri:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na ji bayanin Injiniya kuma ban ƙi ba amma bari in faɗi abin da na sani, ni a cikin jirgi na buɗe ido, mahaifina Basarke ne kakana ma haka, kafin in dawo kasuwar kifi ta Kado sai da na yi shekara ashirin a ruwa. Giwan ruwa babba ba ya yawo a fili, gindin dutse yake kwanciya ko tsakanin kututture ko bakin tsohon kwarin kogi inda ruwa ya faɗa zurfi, yana jiran ƙaramin kifi ya gifta. Wanda yake can ƙasa gaba biyar gaba shida ƙarar ɗan injinka 15 ba ta dame shi ba. Abin da zai ba ka shi shi ne ka san wurin ka bi ta kansa daidai, to in kotonka yana can gefe mita 30 ya za ka saita shi kan dutsen? Tsage ne na yarda, shi a sama yake farauta kuma da wayo, yana jin jirgi zai watse. In don tsage ne saya, in don giwan ruwa ne ka sa kuɗinka a mai da yaron da ya san ruwa.

Baban Ummi Kubwa:
Allah ya ƙara girma Kawu, wallahi maganarka ta shige ni. Don duk giwan ruwan da muka taɓa kamawa a bakin duwatsu ne kuma zaren a bayan jirgi yake kai tsaye.

Injiniya Gwarinpa:
Kawu ya faɗi gaskiya ban da ja. Ko a tafkin Nasir na Masar da Turawa suke zuwa takanas don giwan ruwa, yawanci a bayan jirgi suke ja ba allo. Wuri ɗaya ne zan ƙara, ranka ya daɗe, akwai bakin dutsen da kai kanka ba za ka yarda ka kai jirgi ba don farfela, ruwan bai fi mita biyu ba kuma da sassafe kifin yana nan kwance. To nan allon yake biyan kuɗinsa, jirgi yana cikin zurfi lafiya lau allon yana bin bakin dutsen yana shafa shi.

Malama ta Busa:
Salam iyayena da yayyena. Ni a kwalejin kifi ta Sabuwar Busa na yi karatu don haka bari in sa baki kan ruwan kansa, don shi zai nuna lokacin da allon zai yi aiki. Kainji tun da aka gama dam ɗin a 1968 cika biyu yake samu a shekara. Akwai farin ruwa na daminar nan kusa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, yana zuwa da laka ruwan ya yi kamar kunu, sai kuma baƙin ruwa da yake tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ba ya isowa sai wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma a tace yake zuwa. Lokacin farin ruwa kifi ba ya ganin jirgi sosai, ga ciyawa da kainuwa da itace suna yawo, duk wanda ya taɓa zaren allon zai tattara shi ya yi ta nutsewa. Lokacin baƙin ruwa ne kifi yake gani daga nesa yake tsorata, Yaya Baban Ummi nan ne za ka ga bambanci. Sai dai lokacin hunturu ne, iska tana tashi da hantsi, tafkin kuma tsawonsa ya haura kilomita 130 ga faɗi, igiyar ruwa tana samun filin girma. Ƙaramin allon nan kamar tafin hannu kada ma a sayo, igiya ɗaya za ta kifar da shi.

Alhajin Jabi:
Jama'a ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ra'ayina ya saɓa da na Injiniya kuma zan faɗi dalili. Ƙaramin allo a jikin zarenka yake, ma'ana in kifi ya kama kana faɗa da kifi kana faɗa da allo, sai ka jawo shi har bakin jirgi wani ya cire maka sannan ka ci gaba. Su can kifin da suke kamawa da shi a tafkin Eri na wajensu, wanda suke ce wa wolai, kilo biyu ne kilo uku, in ya kai biyar an yi babban kamu, kuma ba ya gudu. Namu fa? giwan ruwa yana iya haura kilo 100, ko ɗan kilo 20 ne ya kama zai ja zare ya nufi kututture kai kuma ga allo yana reto a tsakani yana nutsewa yana tasowa ba ka ma jin kifin a hannunka. Tsage kuma tsalle yake yana girgiza kai, da zare ya yi sako-sako na daƙiƙa ɗaya ya tofar da ƙugiya, kuma daidai lokacin cire allo ne zaren yake saki. Manyan tagwayen su ne maganin wannan. Su igiyarsu daban ce daga ƙarfen tsakiyar jirgi, zaren fatsarka ɗan kilif, wato ɗan abin da yake cizon zare, shi ne kawai yake riƙe shi a jikin igiyar, kifi yana bugawa zai fizge ya bar ka daga kai sai shi. Kuma igiya ɗaya tana ɗaukar sanda biyu ko uku.

Ɗan Bukuru:
Kai wannan ma magana ce wlh. Injiniya me zaka ce?

Injiniya Gwarinpa:
Alhaji duk abin da ka faɗa haka yake, na rasa tsage a wajen cire allo ba sau ɗaya ba kuma har yau ina jin zafinsu. Amma duba jirgin da ake magana, ƙafa 16, mutum uku da tankin mai da kular kifi, ina za a kafa ƙarfen? sai an huda faiba an sa faranti an ɗaure da noti, ga ril biyu na naɗe igiya, ga allunan kansu kowanne ya kai hannu guda in an ɗauko su cikin jirgi ba wurin taka ƙafa. Naka jirgin babba ne shi ya sa bai dame ka ba. Sannan tagwaye ba a tsayawa da su, in ka kashe inji don kifi ya shige kututture igiyoyin nan za su kwanta a ruwa iska ta kaɗo su cikin farfela. Kuma akwai dabarar da take rage matsalar da ka faɗa. Kilif ɗin gaba ka sa mai saki, na baya ka sa wanda zare yake gudu a cikinsa, kifi yana bugawa ko ka fizgi sandar sau ɗaya gaban zai saki, allon ya daina turjewa ya kwanta ya zame a kan zaren. Sai dai dole ka sa ƙwayar carbi babba da ɗan ƙarfen nan mai juyawa kamar mita ɗaya da rabi kafin kifin roba, nan allon zai tsaya, in ba haka ba zai gangara ya daki kifin a baki ya cire maka ƙugiya.

Alhajin Jabi:
Ƙwayar carbin nan ban san da ita ba, zan gwada. Amma ina nan kan bakana, ranar da babba ya kama za ku tuna da ni.

Oga Kafinta Jos:
Ranku ya daɗe ku bar ni in raba gardamar nan ta ɓangaren sana'ata. Manyan tagwayen ba abin da za a ɗauko daga Amurka ba ne, asarar kilo ne kawai, ni na yi wa wani bawan Allah da yake zuwa dam ɗin Dadin Kowa kuma har yanzu yana aiki da su. Nan Kasuwar Katako na sayi malaina busasshe mara nauyi, ku na Abuja akwai shi a Dei-Dei. Na yanka falanki biyu kowanne santimita 60 faɗi 20, na fiƙe bakinsu da kwana mai kwantawa sosai, na haɗa su da rodi mai noti guda uku tsakaninsu kamar taƙi ɗaya, ɗayan ya ɗan gota ɗayan ta gaba, sai zoben ɗaure igiya a jikin na ciki kusa da gaba. Wurin zoben nan shi ne duk sirrin, farkon da na sa shi ya yi gaba da yawa allon ya ƙi fita sai bin jirgi yake kamar akuya, na matsar da shi baya kaɗan sai ya fara nutsar da kai, sai da na huda rami uku muka je wani kududdufin haƙar kuza a Rayfield muna ja da hannu daga baki har muka samu daidai. Fenti uku na yi masa na mai, ruwan lemo, don a hango shi. Abin da ba zan iya yi ba shi ne kilif. Na gwada da abin shanya kaya na roba, na gwada na ƙarfe na sa masa tayar keke a baki, ko dai ya riƙe ƙam kifi ya kasa fizgewa ko ya saki tun ba a je ko'ina ba. Don haka Baban Ummi ka ce ya cika aljihun jakar da kilif, ba su da nauyi, ranar da ka so gwada na Alhaji ka yi min magana.

Ɗan Bukuru:
Oga ashe ku ne a Rayfield ranar, to mu nan Jos da ba mu da babban ruwa zai mana amfani kuwa?

Oga Kafinta Jos:
A kududdufan kuza kam a'a ƙanena, sun yi ƙanƙanta ga zurfi ga haɗari, ban ma so ka sa jirgi a ciki. Amma in ka sauka Binuwai wajen Ibi ko Makurɗi inda ruwa yake gudu, kana tsaye a baki za ka iya sa ƙaramin, gudun ruwan ne zai ja maka shi zuwa tsakiya ba sai da jirgi ba.

Baban Ummi Kubwa:
Na sa ƙanen nawa a guruf ɗin da izinin admin don ya ji da kunnensa. Auta ga su nan ka gaishe da manya.

Auta Mishigan:
Assalamu alaikum, Kawu ina wuni, Alhaji, Injiniya, Malama, Oga Kafinta duk ina gaisuwa. Na karanta daga sama har ƙasa. Jiya na shiga shagon kayan su na nan kusa da mu na ɗauki kowanne a hannu. OR12 da TX-22 kusan girmansu ɗaya, shi TX-22 an yi shi ne ya tsaya a tsaye ko jirgi ya tsaya cak. Akwai kuma TX-44 wanda ya fi su girma sosai wajen inci 14, an yi shi don jan abu mai nauyi. Tambayata Yaya wane irin kifin roba kake ja kuma wane zare ne a ril ɗinka? don na ga a nan kowa wannan yake fara tambaya kafin ya ce ga allon da za ka ɗauka.

Baban Ummi Kubwa:
Rapala Super Shad Rap ne mai santimita 14 na giwan ruwa, sai cokula masu ƙyalli na tsage da waya a gaba saboda haƙori. Akwai kuma manya biyu masu dogon leɓe da suke nutsewa sosai. Zare kuma mai kitson nan ne kore, ba lilo ba.

Injiniya Gwarinpa:
Yauwa Auta ka taɓo inda ya kamata. Cokali da Super Shad Rap matsakaicin allo zai ja su ba matsala. Masu dogon leɓen nan ne ba zai iya ba, suna turjewa da ƙarfi sai su ja allon baya ya dawo kusan bayan jirgi yana nutsar da gindi, amfaninsa ya tafi ke nan. Su ka bar su a bayan jirgi kai tsaye yadda Kawu ya ce, dama na zurfi ne. TX-44 zai ja su amma sandarka za ta sha wuya, allon kansa jansa kamar kana da kifi ne tun kafin kifi ya zo, sai sanda mai ƙarfi da mariƙi na ƙarfe, faif ɗin roba da muke ɗaurewa da waya ba zai riƙe ba.

Zaren kitso kuma shi ne babbar matsala, santsi ne da shi ga siriri, kilif na yau da kullum ba ya riƙe shi, kana tafiya allon zai dinga zamewa a hankali har ya je ya haɗu da kifin roba ko ya fice gaba ɗaya ka ga abinka yana tafiya a ruwa. Auta ka nemi OR18, baƙi ne yana da ɗan hannu da ake dannawa ya kulle, don zaren kitso aka yi shi, shi za a sa a gaba in ana so allon ya zauna daram. Sai OR16 ja mai ɗan tsinke a tsakiyar bakinsa, in ka tura zare bayan tsinken ko ya zame allon ba zai bar zaren ba. Ka haɗo da masu saki don dabarar ƙwayar carbi. Wata hanyar kuma ka ƙulla lilo mai kauri mita 40 a gaban zaren kitson, kilif ya ciji lilo, ni haka nake yi yanzu kuma hankalina ya fi kwanciya.

Malama ta Busa:
Injiniya don Allah ka faɗa masa yadda ake sakawa, kada a kawo kaya ranar farko a yi ta fama.

Injiniya Gwarinpa:
To Malama. Jirgi yana tafiya a hankali, ni ina duba gudun a waya tsakanin kilomita 3 zuwa 5 a awa, in injin ya ƙi sauka haka ka ɗaura bokiti a baya ya riƙe shi. Ka fara sakin kifin roba mita 15 zuwa 30, sannan ka maƙala allon, ka ajiye shi a ruwa a hankali kada ka jefa, ka riƙa sakin zare da ɗan yatsa a kai yana tafiya gefe har inda kake so, sandar ta tsaya sama a mariƙi don zaren kada ya sha ruwa tsakaninka da allo. Birkin ril ka sassauta kaɗan. In kifi ya kama za ka ga allon ya koma baya ya bar layinsa, kada ka fizga, ka naɗa kawai a hankali ba tsayawa, mai inji kada ya kashe, in allon ya iso ka ja da baya cikin jirgi ka miƙa wa abokinka bakin sandar ya riƙe zaren da hannu ɗaya ya cire da ɗayan sannan ya saki a hankali. Kwana kuma mai faɗi za ka yi, na waje zai ƙara gudu na ciki zai lafa, kuma ka sa ido don sau da yawa a kwanar nan kifi yake bugawa.

Abu ɗaya da ban faɗa ba kuma shi ya fi damuna. Shekarar da na fara, wata safiya hazo ya rufe ko'ina, na saki alluna biyu ina jin daɗi sun buɗe kamar fiffike, sai na dama ya tsaya cak ya nutse ril ya fara kuka na ɗauka babban kifi ne. Ashe kalli ne na wani dattijo, jarkar da ya sa alama ƙarama ce fara ban gan ta ba sam. Ƙugiyoyi shida suka shige ragar, kafin mu tsaya mun yage masa wajen gaba uku. Yana zuwa a kwalekwalensa da ɗan jikansa bai ɗaga murya ba, ya ɗago ragar yana duba ramin yana shafawa da hannu, ya ce min jiya ya gama ɗinke ta. Na biya shi abin da ya ce har na ƙara amma wallahi har muka dawo Abuja fuskarsa tana idona, ni nishaɗi ya kai ni shi kuma abincin gidansa ne. Tun daga ranar ba na buɗe allo fiye da mita 15 sai na tabbatar fili ne.

Kawu Ɗan Yawuri:
Allah ya yi maka albarka Injiniya da ka faɗi wannan da bakinka, dama ita nake jira. Jirgi mai zare a baya hanya ɗaya yake ci, mai allo yana cin faɗin filin ƙwallo, kuma ruwan nan ba fili ba ne, cike yake da kalli da mamari da gura na mutane. Baban Ummi in ka isa ka fara zuwa gaida Sarkin Ruwa na wurin, ka nuna masa allon ka gaya masa yadda yake aiki, zai haɗa ka da yaro ya zauna a goshin jirgi. Yaron zai gane jarka da soso da gora da sandar da aka ɗaura wa tsumma tun kai ba ka hango ba, ya san in ya ga alama nan ina ɗayan bakin ragar yake, ya san inda kututture yake ƙarƙashi, ya san inda dorina take kwana. Ka sallame shi da kyau. Da yamma ake zuba raga da asuba ake ɗagawa, ka bari su ɗaga tukuna. Kuma rigar ruwa kowa ya sa har yaron, mai kallon allo idonsa yana gefe ne ba ya kallon gaba.

Alhajin Jabi:
Wannan kam Kawu ko ni da tagwayena ban da ta cewa, nawa sun fi kowanne cin wuri. A Kainji sau ɗaya na buɗe su duka.

Auta Mishigan:
To ga abin da na rubuta a gyara min in na yi kuskure. OR12 biyu hagu da dama, OR18 guda huɗu, OR16 fakiti biyu, masu saki fakiti biyu, sai kilif na manyan alluna fakiti ɗaya saboda Oga Kafinta. Akwai wata tuta mai sifirin da suke ce wa Tattle Flag, in ƙaramin kifi ko ciyawa ta kama sai ta kwanta, in haɗo?

Malama ta Busa:
Haɗo ta Auta, a ruwanmu ciyawa za ta fi nuna masa ba kifi ba, in ba ita ba sai ya yi rabin awa yana jan kainuwa bai sani ba.

Injiniya Gwarinpa:
Ka ƙara allo ɗaya na dama in kuɗi ya kai, shi ne yake bin bakin dutse a yadda muke zagayawa kuma shi ya fi ɓata. Baban Ummi kai kuma ka rubuta lambar wayarka a jikinsu da fenti, masunta in sun tsinta suna kira. Ƙugiyoyi a babbar jaka za ka sa Auta ba ta hannu ba.

Baban Ummi Kubwa:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci, Kawu Allah ya ƙara lafiya. Auta ka sayo yadda aka ce, in kilo ya yi yawa ka cire takalmin da na ce ka kawo min. Insha Allahu sati na biyu na Janairu za mu shiga in baƙin ruwa ya zauna, Injiniya akwai wuri ɗaya a jirgin in za ka samu hutu, daga Kubwa za mu tashi bayan asuba ta Minna.

Kawu Ɗan Yawuri:
Ka biyo ta Kado kafin ku tafi, zan ba ka sunan wanda za ka nema a bakin ruwa da goron da za ka kai masa.